Kaset ɗin Koriya na Leonard

Leonard ɗan Kagoma ne, ubansa ma'aikacin reluwe a Kafanchan. Bayan rikicin 1987 Leonard ya buɗe gidan kallo a bayan tasha: benci shida, bidiyo ɗaya, da janareta mai tari. Ba ya jin Sinanci, ba ya jin Indiyanci, amma sai ya tsaya gefen talabijin yana fassara wa 'yan kallo da Hausa, duk daga kansa. Maƙaryaci ne na bugawa a jarida. Ni kuwa Silvanus, mai gyara masa na'ura, shekara tara ina sonsa bakina a rufe.

A 1996 aka haɗo masa wani kaset daga Legas a kwalin fim ɗin kareti. Ashe gajeren fim ne na Koriya, ko naushi ɗaya babu. Maza biyu ne a ƙaramin ɗaki, ɗaya yana yi wa ɗaya aski a hankali, har mai askin ya kwantar da goshinsa a kafaɗar ɗayan. 'Yan kallo suka fara gunaguni. Leonard ya ce, "Wa da ƙane ne, uwarsu ta rasu," ya zare kaset.

Washegari da hantsi ya rufe ƙofa, ya sa mini ni kaɗai. Da aka zo wurin askin, ya fassara bai kalle ni ba: "Cewa yake, ranar da ba ka zo ba, abinci ba ya shiga." Wallahi ban san yadda na kai gida ba don daɗi.

Bayan wata huɗu hoton ya fara rawa daidai wurin askin. Gyara sana'ata ce, na san tef ba ya siɗewa haka da kallo biyar da muka yi. Wata Laraba na zo da rana ba sanarwa, na tarar da keken hawan Ƙasimu tela a jingine, ƙofa a rufe. Na kasa kunne ta taga, na ji Leonard yana fassara masa wurin askin. Ko kalma ɗaya bai canza ba, ɗan banza, har da abincin.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Da ya ba ni kaset ɗin in gyara, na ce ya tsinke, na jefa shi ƙasan akwatina. Bai sake tambayarsa ba. Shekara biyu bayan haka ya sayar da bencinan ya koma Jos, kuma Ƙasimu ne ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha.

Kaset ɗin yana wurina har yau. Nakan rufe ƙofa in sa shi. Mai askin yana riƙe da almakashi yana ta magana, ni kuwa ko kalma ɗaya ba na ji.