Gwaggo Ba Ta Jira Kukansa Ba

Ƙanwar ubana ce ungozomar Birchi, Gwaggo muke ce mata. Tun ina yaro nake jin tana faɗa wa mata a tsakar gida cewa ba a kai aska kan cibi sai jariri ya yi kuka, don kafin nan da cibin yake shan iska. Ni a aji uku na bar elemantare a Dutsin-Ma, ban san likitanci ba. Amma wannan na riƙe shi, don daga bakinta na ji.

Matata ta sha ɓari kafin ciki ya zauna. Da ya tsufa, Gwaggo ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan yayana, wannan a hannuna zai yi kuka."

Naƙuda ta zo da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Ina zaune a zaure sai ga motar wani alhaji mai fataucin hatsi daga Kurfi, wai ɗiyarsa ma tana kan gwiwa. Direba ya yi ta danna oda. Ba a jima ba Gwaggo ta fito tana goge hannu a gefen zane.

Na ce, "Gwaggo, ban ji kuka ba."

Ta ce, "Namiji ne. Zai yi. Ka cika gaggawa kamar ubanka."

Ta shige gaban mota.

Bai yi ba. Mata suka yayyafa mashi ruwan sanyi, suka kaɗa tasa a kunnensa. Kafin la'asar na rufe shi. Ko suna bai samu ba.

Sai bayan arba'in matata ta gaya mani. Mabiyiya ba ta faɗo ba, cibi na harbawa, Gwaggo ta ɗaure ta yanke. "Na ce mata, Gwaggo, ai bai yi kuka ba. Ta ce mota na jira."

Na iske Gwaggo a gidanta cikin sabuwar atamfa. Ta ce kwanansa ne bai zo da shi ba. Na san Allah ke kashewa. Amma na tambaye ta, can Kurfi ta jira kuka? Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Matata ba ta ƙara samun ciki ba. Ban ƙara taka ƙofar Gwaggo ba sai ranar da aka fito da gawarta.

Jikan alhajin nan yana nan, ƙato, yana awon dawa a kasuwar Kurfi. In na gitta sai ya ce, "Sannu, Baba." Ina amsawa.