Muryar 'yata a sabuwar waya

Ban yafe wa ƙanin mijina goge kwamfutar 'yata ba, kuma ya sani, don na faɗa masa a gaban 'yan zaman makoki.

'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Ita ta karanta ilimin kwamfuta a Kano. Ni kuwa sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zarce cibiyar mata ta Makoda, inda na koyi rubuta 'yan umarnin da na'ura ke bi. Kafin ta rasu ta haɗa wata ƙaramar manhaja saboda matan ajinmu. Ki taɓa baƙi a waya, muryarta ta faɗa miki shi, a hankali, da ɗan jan nan nata a ƙarshe. Da ita mata da yawa a ƙauyenmu suka fara karatu, suna sussukar gero waya na gefen tabarma.

Da aka zo rabon gado, kwamfutar ta faɗa a kason mijinta. A wajenmu ba a miƙa kayan mamaci da daudarsa, tufa a wanke, kwano a ɗauraye. Sai ƙanin mijina ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara a Dawanau, aka share komai, aka zuba sabo.

"Yaya, ai gata aka yi mata," in ji shi. "Ta koma fil, kamar daga kwali."

"Kai ma Allah Ya kawo mai yi maka irin wannan gatan," na ce.

Rubutun manhajar da muryoyin suna cikin fulas, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, da ta ba ni ajiya, don haka na ɗauka ba a yi asara ba. Sai da wayoyin mata suka fara mutuwa. Duk wadda ta sayi sabuwa, tsohuwar manhajar ta ƙi hawa. Dole a sake haɗa ta.

Na kai fulas ɗin cibiya, na ba kwamfutarsu umarnin haɗawa. Jan rubutu ya zubo har ya cika allon. Na sake, ya sake. Malamarmu, 'yar gidan malamai ce, ba ta kai 'yata shekaru ba, ta jawo kujera ta duba.

"Inna, babu kuskure a aikinta. Da tsohon samfurin yaren kwamfuta ta rubuta. Wannan na'urar sabo ke kanta, an canza wasu ƙa'idoji, shi ya sa ba ta gane ta."

"To a sa mata tsohon."

"Tsohon da duk kayan da ta jera masa suna kan waccan da aka goge. Ko mun wahala mun samo, abin da zai haɗa sababbin wayoyi ba za su karɓa ba. Sai dai a bi layukanta a gyara."

"Ni in sa hannu a rubutun mamaciya? Malama, kin taɓa binne ɗa?"

Ta ce, "Ban taɓa ba, Inna. Amma in aka bar shi yadda yake, ranar da wayar ƙarshe ta mutu, shi ke nan."

Na naɗe fulas ɗina a bakin zane na fita ban yi mata sallama ba.

Da la'asar maƙwabciyata ta leƙo, tsohuwar da karatunta ya tsaya a baƙin "ka", mai bin "ja". Ta miƙo mini sabuwar wayar da jikarta ta aiko mata.

"Ki sa mini yarinyar nan a ciki. Wannan kyakkyawa ce amma bebiya ce."

Na ce ta bar ta tukuna. Bayan ta tafi na ɗauko tawa, mai tsagaggen gilashi, wadda sai an ɗaure ta da roba take cin caji. Na taɓa baƙin farko. Muryar ta fito, ta ja ƙarshen. A duk layinmu wannan wayar kaɗai ta rage da ita.

Da gari ya waye na hau acaɓa zuwa Makoda. Na gaishe da Malama yadda ya kamata. Na kwafi rubutun duka a wani wuri daban, na zare fulas ɗin na mayar bakin zane, na asali ya zauna yadda ta bar shi. Sannan na nemo layin farko da na'urar ta yi wa ja, na yi bisimilla, na sa yatsa na goge.