Alƙasim da Burtalin Garhanga

Duk Garhanga an san Alƙasim ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi ne, a tsaye yake kurɓa. Da jam'iyyu suka shigo yana saurayi, sai ƙafarsa ta samu abin da take nema. Yau yana Keita wurin taro, gobe yana Bouza, bakinsa cike da canji. Tsofaffi kuwa, a wurinsa, mutane ne da suka tare hanya.

Abin da ya fi tsone masa ido shi ne burtali, faffaɗar hanyar nan da aka bari tsakanin gonaki don dabbobin makiyaya su wuce. Ƙasa mai kyau a kwance, ga mutane cikin yunwa! Ya zuga samari suka shuka ta da wake. Mai gari Bawa ya kira shi ya ce, "Yaro, hanyag ga ba mu munka aza ta ba, tarar da ita munka yi." Alƙasim ya yi dariya.

Da kaka garken Buzaye ya gangaro daga arewa, ya tarar da hanya a rufe, ya faɗa cikin gonakin gero. Aka zaro sanduna da takubba. Iliya, ƙanen Alƙasim, wanda ko ƙwayar wake bai shuka a wurin ba, shi aka sare wa hannun dama.

Tun daga ranar nan Alƙasim ya juya, kuma juyawar ta yi masa ciwo ƙwarai. Aƙidarsa ta zama ɗaya: abin da ka tarar, kada ka taɓa sai ka san dalilin da aka ajiye shi. Da ita yake auna kowane ɗan takara. Abokan jam'iyya suka ce ya tsufa tun kafin furfura. Zaman dai bai koya ba har yau. Kowace shekara yana bin burtalin da ƙafa yana gyara duwatsun iyaka.

Bana ɗansa Nazir ya dawo daga ci-rani a Abija, can bakin teku, da injin ban ruwa, ya tara samari gaban mai gari, suna so a raba burtalin a yi lambun albasa. Alƙasim ya ji maganganunsa na dā suna fitowa daga bakin ɗan cikinsa, tsoro ya kama shi. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Baba, kai ma ka yi hakanga," in ji Nazir.

"Na yi. Shi ya sa nike hana ka."

Aka ce masu son a raba su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Aka ce saura waɗanda ba su yarda ba. Alƙasim ya ɗaga nasa, shi kaɗai. Can daga baya sai Iliya ya ɗaga hannun da ya rage masa. Nazir ya dubi ƙanen ubansa, ya kasa ɗauke ido.