Aljihun Gefen Hagu

Shekara talatin da huɗu Inna ta yi a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ga faɗa kamar me. Kika kawo yadi kika ce jibi kike so, sai ta zare tabarau ta ce, "Jibin wace shekarar?" Amma bakinta bai taɓa fitar da sirrin kowa ba. Ta san wadda ta rame, ta san mai ciki tun kafin miji ya sani, kuma a shagon maganar ke mutuwa. Da wannan hali take tinƙaho, shi ne kuma ya kai ta ya baro.

Akwai ɗinki ɗaya da ba ta taɓa koya wa kowa ba. Ɗan aljihu ne a cikin riga, daidai ƙirji, a cusa auduga a daidaita yadda ba mai gane an cire nono. Mahaifiyarta ta fara yi wa tun tana budurwa, bayan shekaru ta yi wa yayarta. Ciwon daji ne ya ɗauke su su biyun. Yayar ta bar 'yan mata biyu ƙanana, ta kuma bar wasiyya: kada a faɗa, kada a ce gidansu gidan ciwo ne a guje wa yaran. Inna ta riƙe yaran, ta riƙe maganar. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce, gajeruwar rashin lafiya.

Babbar ta zama malamar makaranta, har Inna ma Malama take ce mata. Ƙaramar kuwa Auta. Shekara uku ke nan, wata rana da hantsi, Malama ta kira daga asibiti tana cike takarda.

"Inna, likita na tambaya ko akwai mai ciwon daji a danginmu. Wai in akwai, za a yi mini gwajin jini a ga ko na gaji haɗarinsa, sai a riƙa duba ni akai-akai. Me ya kashe Mama?"

Fil uku ne a bakin Inna. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya, lokacin ya ishe ta ta faɗi gaskiya sau goma. "Zuciya ce," ta ce. "Kakarki kuma tsufa. Rubuta babu." A ganinta, ina dalilin ɗaga wa yarinya lafiyayyiya hankali? Malama ta rubuta babu, ba a yi gwajin ba.

Bana aka gano ciwon a nononta na hagu, ya riga ya yi nisa. Likita ya sake tambaya ko akwai a dangi, Malama ta ce babu, Inna na zaune a gefenta tana murza bakin mayafi. Wannan karon ba wasiyya ce ta rufe mata baki ba, kunya ce da tsoron idon yarinyar. Ta yi jinya kamar za ta kashe kanta, wanki, girki, goge amai, amma laifin na nan zaune a ƙirjinta kamar dutsen guga. Ga Auta na yawonta ba ta san komai ba, ba a kuma gwada ta ba.

Da aka yi aikin cire nonon, ciwon ya lafa, Malama ta zo shago da riguna uku a leda. Ta buɗe baki za ta yi bayani, Inna ta ce, "Zauna, na gane." Ko awo ba ta yi ba. Ta juya riga, ta yanka ƙyalle, ta hau keke, kafin shayin Malama ya huce an gama. Malama ta shiga bayan labule ta sa, ta fito ta tsaya gaban madubi. Daidai wa daida, ko ita ba za ta iya nuna gefen ba. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, wa ya koya miki wannan ɗinkin?"

"Haba, tela ce fa ni."

"Teloli biyu na fara kai wa, don ina jin nauyinki. Duk sun ce ba su taɓa yi ba. Ke ko tambayata ba ki yi ba. Hannunki ya saba, Inna. Wa kika yi wa?"

Inna ta zare tabarau. Ƙafarta ta sauka daga keken.

"Mamanki," ta ce. "Da kakarki. Na cuce ki, 'yar nan."

Malama ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ciro wayarta, ta nemo lambar Auta, ta ajiye a kan keken. "Ni nawa ya riga ya faru. Da bakinki za ki faɗa mata."

Inna ta danna kira. Wayar ta yi ƙara biyu, Auta ta ɗauka da dariyarta. Da ta ji muryar Inna sai ta ce, "Uwar faɗa, kin gama rigata ko sai jibin wata shekarar?"

Inna ta dubi rigar a rataye, sabuwa, ba aljihu a cikinta.

"Na gama," ta ce. "Nemi wuri ki zauna, Auta. Zan faɗa miki abin da ya kashe uwarki."