Langar Hajiya a Tagar Baturiya

Ranar da ake ɗaure mini kaya, har na zuge akwati kakata ta sa aka sake buɗewa. Ta fito daga ɗakinta da wata tsohuwar langa, fara mai jan fure, bakinta duk ya ɓantare, ta ce a cusa. Na ce, "Haba Hajiya, digiri na biyu fa zan je yi, ba aure ba." Ta ce ai da aure ne da ba ta damu ba, ko banza akwai dangin miji.

Kowa a lungunmu na Dala ya san langar nan. Tun ina ƙarama nake kai ta gidaje duk Juma'a, cike da alkubus da miyar taushe, girkin da Hajiya ke taƙama ta gada wajen kakanninta fataken Larabawa. Kuma ba ta dawowa wayam. Gidan maɗinka su zubo gyaɗa, gidan liman dabino, wanda ba shi da komai ya sa ko ƙwayar goro ce. A wurinmu kwano ya dawo fayau zagi ne, ya ƙi dawowa kuwa an yanke zumunci ke nan.

Hajiya ba ta so tafiyata Ingila ba. Sanyin da ake faɗa bai dame ta ba, abu ɗaya take maimaitawa: "Can wa zai san kin kwana lafiya?" Da ƙyar Baba ya shawo kanta, shi ma sai da ta kafa sharaɗi. In na sauka in yi girki in kai wa maƙwabta a langar nan. In ta dawo da abu a ciki na sami wurin zama, in ba ta dawo ba in tattaro kayana. Kowa ya yi dariya ban da ni, don na san Hajiya ba ta magana biyu, Baba kuma ba ya tsallake maganarta.

Garin da na sauka kullum yayyafi, mutanensa kuma kullum sauri kamar an biyo su. In ka tambayi mutum ya yake, kafin ka kai ga iyali ya sha kwana. Ni da ba na iya zuwa Shahuci daga gidanmu sai na gaisa da rabin gari, sai ga ni ina wuni ban yi magana da kowa ba sai direban bas. A makaranta malamin da ke duba aikina, dattijo mai furfura, ya ce in riƙa kiransa da sunansa gatsal. Bakina ya ƙi. Har na gama ban daina ɗan rusunawa in na shiga ofishinsa ba, shi kuma bai daina leƙa ƙasa ya ga abin da na yar ba.

Ɗakina yana saman wani tsohon bene, ƙofata na kallon ta wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai da kyanwa. Lokacin kabewa ne, ga ta jibge a kanti, wai ba ci suke ba, fafe ta suke su kunna kyandir a ciki. Na ce Allah ya shirya, na ɗauko ɗaya. Ran Juma'a na kwaɓa fulawa, na turara alkubus a gwangwanayen madara, na yi miyar taushe da ta cika benen da ƙamshi, na zuba a langa, na je na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar.

Ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofa na maƙale, ta ce ba ta sayen komai. Na ce kyauta ce, ni ce sabuwar maƙwabciyarta. Ta dube ni, ta dubi langa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rufe. Na koma ɗaki ina jin na gama da Hajiya.

Shiru langa ba ta dawo ba. In mun haɗu a matakala tsohuwar ta washe baki ta ɗaga mini hannu, amma zancen kwano ko tari. Duk Juma'a in aka kira ni a waya, Hajiya ta kawo fuskarta dab da gilashi, kafin ta tambayi karatu sai ta ce, "Kwano fa?" In ce tsohuwa ce, a yi mata uzuri. Ta ce ita ma tsohuwa ce. Raina ya soma ɓaci sosai. Ga karatu ya fara daɗi, ga ni ina tsoron ranar da Hajiya za ta kira Baba ɗakinta. Zuwa biɗar kwano kuwa abin kunya ne da ba a taɓa yi a gidanmu ba, don haka na haɗiye, ina ta yi wa matar nan murmushin da bai kai ciki ba.

Wata rana ina dawowa daga laburare na ɗaga kai, sai ga langar Hajiya a tagar Baturiya, cike da ƙasa, wani ganye ya tsiro a ciki. Langar da ta sha shiga gidan liman! Ban san sanda na haye benen ba. Kunyar gidanmu na bar ta a ƙasa, na buga ƙofa kamar mai bin bashi.

Ita kuwa da murna ta ja ni ciki, ta kai ni gaban taga tana nuna mini yadda shukar ta kama. Na daure na yi mata bayani, cewa a garinmu abincin ne kyauta, kwanon dawowa yake, kuma ba ya dawowa haka nan. Matar nan ta yi jajir har kunne. Ta ce tun da mijinta ya rasu ba wanda ya buga mata ƙofa da abinci, ta ɗauka har kwanon aka ba ta, shi ya sa ta nema masa wuri mafi kyau a gidan. Ganyen kuma na'a-na'a ne, irin da mijin ya bari. Ta kai hannu za ta tuge, na riƙe ta. Fushin da na hau da shi duk ya zube, sai tausayi ya kama ni.

A nan tsaye na kira gida, na juya wa Hajiya waya ta ga langarta. Ta daɗe tana kallo.

"Mene ne a ciki?"

"Na'a-na'a ne, Hajiya. Na mijinta ne da ya rasu."

"Allah sarki. Ta huda gindin?"

Na tambaya, aka ce ba a huda ba.

"To tana da hankali. Bar mata. Ki karɓo murfin, shi ma yana ɗaukar abu."

Haka murfi ya kama aiki. In ɗora alkubus in kai, ya dawo da wani burodinsu mai gardi da damin na'a-na'a a gefe. Na koya mata shayi irin na Hajiya, mai kauri da kumfa, ita kuma ta koya mini inda ake sayen rigar sanyi ta gaske da ranar fitar da shara. Amma Hajiya ba ta ce ta janye sharaɗi ba. Kwano dai bai dawo ba, in ji ta, tana nan tana duba lamarin.

Cikin hunturu mura ta kayar da ni, na kasa tashi ko lacca ban je ba. Da hantsi na ji ana buga ƙofa. Na ja jiki na buɗe, sai ga tsohuwar da rigar barci da kofin shayi a kan murfin langa. Ta ce kullum tana jin ƙarar ƙofata in zan fita, yau ba ta ji ba, shi ne ta ce bari ta duba ko lafiya.

Da Juma'a ta zagayo na ba Hajiya labari, ina yi ina tari. Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Can ta ce, "To, zauna ki yi karatunki." Daga ranar ba ta ƙara tambayata kwano ba, sai dai ta ce in gaishe mata da maƙwabciyata.