Ranar da Gyarana Ya Kashe Kwamfutocin Asibiti

Duk shekarun da na yi ina rubuta manhaja, akwai wata Talata da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a unguwar Agege ta Legas, muna kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi. Hotunan cikin jikin marasa lafiya duk suna ajiye a babbar kwamfuta guda, na ɗakunan likitoci sai su jawo fayil ta wayar sadarwa. Likitoci suka yi ƙorafin jinkiri. Ni kuwa ga ƙuruciya ga son yabo, na kutsa cikin kanel, wato zuciyar da ke tafiyar da kwamfuta, na sake rubuta sashen da ke jawo fayil. Na gwada a ofis, gudu kamar walƙiya. Ogan kamfaninmu ya ce a saka.

Bayan kwana uku, da hantsi, shugabar nas-nas ta kira ni. "Malam, kana ina? Kwamfutoci duk sun mutu! Ga wani dattijo motar haya danfo ta buge shi, likita na jiran hoton ƙoƙon kan dattijon kafin a shiga tiyata."

Ban san yadda ɗan acaɓa ya kai ni asibitin ba. Na tarar da allo baƙi ƙirin, cike da rubutu. Na kunna, muka buɗe hoton, ya zo rabi, kwamfutar ta sake mutuwa. A bakin ƙofa matar dattijon na zaune da carbi. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, kai ne mai gyaran? Allah Ya ba ka sa'a." Na kasa haɗa ido da ita.

Na dafa tebur na karanta layukan ƙarshe da kanel ya zubar kafin ya faɗi. Sai ga sunan sashen da na rubuta da hannuna. Nan take na gane abin da ya faru. Ranar an ɗauke wuta, janareta na shaƙewa, sadarwa na yankewa tana dawowa. Duk dawowar da ta yi, sai gyarana ya koma neman bayanin da ya riga ya goge, kanel ya kife. A ofis ban taɓa yanke sadarwar na gani ba.

"Janareta ne ko?" in ji shugabar. "In aika a kira bakanike?"

Wallahi saura kaɗan in ce e. Babu wanda zai gane. Amma kafin bakanike ya ratso cunkoson Legas, dattijon fa? Kuma mayar da tsohon kanel sai da lambar sirrin da ke hannun oga.

"A'a, Hajiya. Aikina ne."

Na kira oga, na faɗa masa komai. Sai ya karanto mini lambar. Na mayar da tsohon. Hoton ya riƙa saukowa a hankali, ina ta salati a zuci, har ya cika. Likita ya duba, ya wuce da sauri.

Dattijon ya rayu. Ni kuma na yi mako biyu ina cire waya ina mayarwa, har na toshe matsalar.

Tun ranar na gane cewa aikin da ba a jarraba shi cikin wahala ba, ba a gama shi ba. Kuma in ka yi kuskure, faɗe shi da wuri: kunyarka za ta wuce, ran wani kuwa in ya tafi ba ya dawowa.