Malam Ayuba Dogarawa da Dandalin da Ya Yi Aike da Sunansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayun 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Ayuba Dogarawa, tsohon likitan dabbobi, a gidansa da ke Birnin Ƙonni, bayan jinyar sati biyu.

Malam Ayuba, ni Muttaƙa ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, na Malbaza, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya ba ya gaishe ka saboda ragon da ka yi wa allura ya kwanta bai tashi ba. Makiyayan Alela za su ba da labarin shanun da ka ceta. Ni labarin shiryawarmu zan bayar.

Da ka yi ritaya, ɗiyarka Raihanatu ta buɗe maka shafi a wani dandalin ma'aikata na intanet, wai ƙungiyoyi su gan ka su ba ka aiki. Ba ka ankara ba dandalin ya kwashe duk lambobin da ke wayarka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gayyata a sunanka. Har ni na samu: “Ayuba yana son ƙulla zumunci da kai.” Na karanta, ƙwalla ta cika mini ido. Na sayi goro, na hau babur sai Ƙonni.

Ka dube ni a bakin zaure ka ce, “Mi ya kawo ka?”

Na nuna maka saƙon. Ka ce, “Wallahi ni ban aike ma komi ba. Wanga abu ƙarya ya yi mini. Amma tunda ka zo da goro, shigo.”

Tun ranar ka ɗaura yaƙi da dandalin. Ya ce maka mutum uku sun leƙa shafinka, ka biya ka ga ko su wane ne; ka ce mai neman ka ya san ƙofar gidanka. Wani ya kira ka, ya faɗi ranar haihuwarka da duk garin da ka yi aiki, ya ce an ɗauke ka babban aiki a Yamai, ka turo hoton katinka na ɗan ƙasa. Ka tambaye shi maganin ciwon kofato, ya kashe waya. Sau huɗu kana neman rufe shafin, kullum sai ya tambaye ka ko ka tabbata, har ka gaji ka ce ko alƙali bai titsiye ka haka ba.

Masu neman aiki kuwa ba faɗa kawai ka yi musu a kan dogaro da dandalin ba. Kai ke gyara musu takardu, ka raka su buro, wato ofis, da ƙafarka, ka ce, “Na san ta, na san aikinta.” Mutum tara na ƙirga da suka samu aiki ta hannunka.

Ranar sadakar uku, Raihanatu ta nemi a rufe shafin. Aka amsa mata cewa sai mai shi ya tabbatar da kansa. Muka yi dariya a kan tabarmar makoki.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri a ranar da babu mai rufawa sai shi. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Hawa'u, da Raihanatu da ƙannenta, da makiyayan da suka rasa likitansu. Rago kuma na yafe, Malam. Da ma tsoho ne.